Ɗan wa ya rage a makarantar gwamnati? Lacca daga wani taron iyaye da malamai a Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, iyaye mata da ke can gefe, malamai abokan aikina, da ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku, Allah ya saka da alheri da kuka baro harkokinku kuka zo.

An ce in yi magana a kan makarantar kuɗi da makarantar gwamnati, to ni ba na zo in zagi makarantar kuɗi ba ne, duk uban da ya ga yana da hali ya kai ɗansa inda yake ganin zai samu karatu bai yi laifi ba. Tambayata guda ce, wa ya rage a makarantar gwamnati yau? Ku duba a cikin zauren nan, akwai ma'aikata, akwai 'yan kasuwa, akwai malaman da su kansu a firamaren gwamnati suke koyarwa, amma in aka ce wanda ɗansa ke firamaren gwamnati ya ɗaga hannu, wallahi kun san hannuwan ba za su yi yawa ba.

Da ba haka abin yake ba. A garin nan Abubakar Tafawa Balewa ya yi karatu, ba ɗan sarki ba ne, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, daga baya a 1957 ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ma a wannan Midil ɗin ya koyar. Ban ce zamanin Turawa adalci ne zalla ba, yaran da ake ɗauka kaɗan ne ƙwarai kuma mata kusan babu, amma wanda ya shiga ya shiga, benci ɗaya, malami ɗaya. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, aka ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta, yara suka yi ta tururuwa, ɗan hakimi da ɗan mai faskare suna layi ɗaya da safe. Kuma abin da nake so ku riƙe shi ne, a lokacin in rufin aji ya yaye ba a daɗewa an gyara, saboda ɗan mai faɗa a ji yana cikin ajin, ruwan zai jiƙa shi shi ma.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya taɓarɓare, albashin malamai ya fara makara, yajin aiki ya yawaita, sai masu hali suka fara zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. To ranar da suka tafi ba kuɗinsu kaɗai suka tafi da shi ba, sun tafi da bakinsu. Wanda zai iya ɗaga waya ya kira sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya ce malamin lissafi bai zo ba sati biyu, ya tafi. Wanda ya rage shi ne uban da in ya shiga ofishin hedimasta sai ya cire takalmi ya durƙusa yana ranka ya daɗe, a tunaninsa alfarma ake masa.

Alhali ba alfarma ba ce, doka ce. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ce shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha samun jihohi a ƙasar nan da kuɗinsu ya yi shekaru a ajiye a Abuja ba su je sun ɗauka ba, yara kuwa suna zaune a ƙasa.

Ku shiga irin ajin nan ku gani da idonku. Malama guda, yara cike har bakin ƙofa, wasu a kan buhu wasu a kan takalmansu, allon ya koɗe alli ba ya kamawa, na baya ba ya jin abin da take faɗa sai dai ya bi amshin na gaba. Ta ba da aiki, littattafai sun taru tuli a gabanta, yaushe za ta duba ta gane cewa wancan yaron na lungu har yanzu bai bambance b da d ba? Haka zai yi ta wucewa aji aji har ya kai aji 6 bai iya karanta wasiƙa ba, sannan a ce yaron ne ba shi da ƙwaƙwalwa. Yana da ita, ba a taɓa zama da shi ba ne.

Sannan dan Allah mu daina cewa makarantar kuɗi kamar duk iri ɗaya ce. Akwai ta manya, mai janareta da motar ɗaukar yara da ɗakin kwamfuta, wannan kam talaka ko ƙofarta ba ya tunkara. Akwai kuma wadda ke cikin unguwanninmu, gidan haya ne aka raba ɗakuna, babu filin wasa, malamin bai da NCE wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a doka, ana biyansa abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, shi ya sa da ya samu wani abin yi zai gudu a tsakiyar zango. Wannan ita ta fi ci min rai, saboda ɗan acaɓa da mai shayi da bazawara mai sayar da ƙosai su ne ke tatsar kansu suna biya, tun bayan cire tallafin mai a 2023 kuɗin kullum ƙaruwa yake, ga kuɗin yunifom ga na littafi ga na bikin yaye ɗalibai har ga 'yan nazire, kuma sakamako kullum yaro ya ci, don mai makaranta ba ya so uba ya ji haushi ya cire ɗansa. Ranar da kuɗi ya gagara kuma a koro yaro gida a gaban 'yan ajinsu, kun san abin da wannan ke yi wa zuciyar yaro.

Inda abin ke fitowa fili shi ne JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Yaro ɗaya tun yana firamare yake wasa da kwamfuta, ɗayan ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko, hannunsa na rawa yana neman inda zai danna, lokaci na tafiya. Daga nan wannan ya shiga jami'ar ATBU, wancan ya koma bakin kasuwar Wunti, sai mu ce rabo ne.

To iyayena, wanda ya cire ɗansa ban ce ya mayar da shi gobe ba. Amma kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin unguwa, SBMC, kuma ba sai kana da ɗa a ciki za ka shiga ba. Alhaji, kai da ake jin maganarka a sakatariya, je ka zauna a kwamitin firamaren da ke bayan gidanka, ka tambayi malamai nawa ne a takarda, nawa ke zuwa, benci nawa aka kawo bana, ka rubuta, ku ɗauki takardar ku uku ko huɗu ku kai ofishin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ƙafarku, in an ce ku dawo wani sati ku koma.