Darasi: Neman kakan kaka a ƙidayar Amurka ta 1870

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ma muna kan FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi. Na san kowa ya riga ya yi rajista, ba sai na tsaya a nan ba. Ni dai na fi son sa a kan Ancestry, wani shafin irinsa, don wancan sai da kuɗi.

Wanda muke nema kakan kakan wata maƙwabciyata ne, baƙar fata, asalinsu jihar Jojiya. Da baya-baya ake tafiya: ka fara da ƙidayar 1950, wadda aka saki a 2022, ka gangaro 1940, 1930, haka dai. Sai mu buɗe ta 1890... a'a, yi haƙuri, ku bar ta. Gobara ta lalata mafi yawanta a Washinton a 1921. Daga 1900 sai tsalle zuwa 1880. Shekara 20 ke nan fa! Yarinyar da aka haifa a 1881 za ta iya yin aure ta ɗauki sunan miji ba ka taɓa ganin ta a gidan ubanta ba.

To, ga inda na sha wuya, ku kasa kunne. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta sunayen bayin da aka 'yanta bayan yaƙin basasa. A 1850 da 1860 takarda daban aka yi wa bayi: sunan ubangida, sai shekarun bawa, mace ko namiji, launin fata, amma babu sunan bawan. Kuma ita 1870 ba ta faɗin dangantaka. Wace ce matar gida, wane ne ɗa, sai a 1880 aka fara rubuta wannan. Na maimaita, sai 1880. Ni na ga wata mata a ƙarƙashin sunan mutumin da muke nema na ce ai matarsa ce, mako biyu ina bin sawunta, ashe ƙanwarsa ce.

Kada ku dogara da sunayen da aka kwafa aka buga a na'ura, ku danna hoton takardar ta asali. Mai ƙidaya abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Ku leƙa maƙwabta ma, shafi biyu gaba, biyu baya, don wani lokaci tsohon ubangida yana nan kusa. Amma ba kowa ne ya ɗauki sunan ubangidansa ba.



Yanzu sai rajistar bankin Freedman's, wato bankin da aka kafa don bayin da aka 'yanta, 1865 zuwa 1874, inda mai ajiya kan lissafo uwa da uba da 'yan'uwa. Bari in ƙara girman shafin nan, tawadar ta koɗe.