Shi ya buga ƙwallo ko ita ta buge shi? Hira kan satar gida

Auta: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma muna Fagge, a shagon Koci. In kun ji ƙarar janareta ku yi haƙuri, na maƙwabta ne. Ga Baba Alƙali ya iso, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana busa usur a filayen unguwanni. Baba, barka da yamma.

Alƙali: Barka kadai, Auta. Na ji an ce jiya saura ƙiris a bai wa hammata iska a gidan kallonku.

Auta: Wallahi Baba. An turo wa ɗan wasan gaba ƙwallo, kuma kowa ya ga ya yi satar gida, wato ya riga ya wuce layin masu tsaron baya lokacin da aka turo masa, babu musu. Sai ta gogi cinyar mai tsaron baya ta sauya hanya, ta faɗo masa, ya zura. Alƙalin wasa ya soke. Rabin gidan kallo suka miƙe suna "ai ya taɓa, ai ya taɓa!"

Koci: Ni ma da ina wurin da na miƙe. Haka muka taso muka ji: da zarar abokin hamayya ya taɓa, satar gida ta wanke.

Alƙali: To Koci, yaran da kake koyarwa nake tausaya wa. Doka ta 11 ce, kuma ba ruwanta da taɓawa kawai. Tambayar da alƙali zai yi wa kansa guda ɗaya ce: shi ya buga ƙwallon, ko ita ta buge shi? In ita ta buge shi, wato ta dake shi ta karkata, kamar ba a taɓa ba ne, satar gida tana nan daram. In kuwa shi ya buga da gangan, ya wanke ɗan gaban.

Koci: Ko da bugun ya lalace?

Alƙali: Ko da ya lalace. Ka tuna Liverpool da Tottenham a Anfield, Fabrairun 2018, aka tashi 2-2? Harry Kane yana cikin satar gida aka zuro masa. Lovren, mai tsaron bayan Liverpool, ya ga ƙwallon tana tahowa a ƙasa, ya kai mata ƙafa zai fitar, ya yi mata sama-sama ta wuce. Kane ya ɗauka, gola Karius ya kayar da shi, aka ba da fenariti. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ba wanda ya sa Lovren ya ɓata bugu.

Auta: Kuma Kane ɗin ya ɓarar.

Alƙali: Ya ɓarar da wannan, ya ci ta ƙarshe. Kai dai ba ka mantuwa in abin ya shafi Tottenham.

Koci: To tsaya Baba. In haka ne, me ya sa duniya ta yi caa a kan ƙwallon Mbappe? Ai shi ma mai tsaron bayan da gangan ya miƙa ƙafa.

Alƙali: Yawwa, ka zo inda nake so. Wasan ƙarshe na Nations League, gasar ƙasashen Turai, 10 ga Oktoban 2021, a San Siro ta birnin Milan, Faransa da Sifaniya. Minti na 80 ana 1-1, Theo Hernandez ya zuro wa Mbappe, shi kuwa ya riga ya wuce layin masu tsaron baya. Eric Garcia, mai tsaron bayan Sifaniya, ya zame ya miƙe ƙafa iya tsawonta, ya ɗan lakaci ƙwallon, ko hanyarta bai sauya sosai ba. Mbappe ya samu tsuntsu daga sama gasasshe, ya ci. Anthony Taylor ɗan Ingila ne alƙali, ya bar ta, Faransa ta ɗauki kofi da ci 2-1.

Auta: Wato da Garcia ya harɗe hannu ya tsaya kallo, da an busa.

Alƙali: Da an busa. Ka ga an hukunta yaro saboda ya yi aikinsa. Su kansu masu kula da alƙalai a UEFA, hukumar ƙwallon Turai, sun ce hukuncin ya bi doka amma ya saɓa wa manufar wasan. Shi ya sa a Yulin 2022 IFAB, masu rubuta dokokin ƙwallo, suka fito da bayanin abin da "da gangan" yake nufi. Yanzu sai ɗan wasa yana da halin sarrafa ta: ko ya ba abokinsa, ko ya tare ta a ƙafarsa, ko ya fitar da ita da ƙafa ko da ka.

Koci: A cikin ƙiftawar ido alƙali zai gane duk wannan?

Alƙali: Akwai alamu. Daga nesa ta taho yana ganinta? Da gudu ta zo ko a sanyaye? Ta inda yake tsammani ta ɓullo? Ya samu sukunin daidaita jikinsa, ko firgigit ya yi ya wurga ƙafa? Har sun ce ta ƙasa ta fi ta sama sauƙin bugawa. In ka ɗora na Garcia a kan wannan ma'auni, yau sokewa za a yi.

Auta: Ni ta Benzema ce har gobe take ci mini tuwo a ƙwarya. Wasan ƙarshe na Zakarun Turai, Real Madrid da Liverpool, Mayun 2022 a Faransa, dab da hutun rabin lokaci ya ci aka soke. Daga gwiwar Fabinho na Liverpool ta fito, kowa ya gani.

Alƙali: Ta fito daga gwiwarsa, amma ta yaya ta je can? Valverde na Madrid ya taɓa, Konate na Liverpool ya zame ya kai mata, ta daki Fabinho da ke kusa da shi taku ɗaya. Yaushe ya ganta, balle ya yi shawara? Kuma mutane suna mance cewa gola Alisson ya fito ya bar raga. Doka abokan hamayya biyu take ƙirgawa, ba ta ce sai da gola ba. Mutum ɗaya ne kawai ya rage a gaban Benzema.

Koci: Kai da Madrid ɗinku ta ci 1-0 ta ɗauki kofin, me kake wa kuka?

Auta: Haƙƙi haƙƙi ne, Koci.

Koci: Baba, gola fa? Shi kam kullum da gangan yake ture ƙwallo.

Alƙali: Nan ne aka yi togaciya. Ceton raga ba ya wanke kowa. An buga, gola ya amayo ta, ko mai tsaron baya ya tare ta a bakin raga, ko ta daki turke ta dawo: in kana cikin satar gida lokacin da abokinka ya buga, ka bi ta ka ci, za a soke. Akwai kuma wanda ko a filin Sani Abacha na sha jin 'yan kallo suna kuskurewa. In ƙwallon ta gogi ɗan ƙungiyarku a hanya, to daga wannan gogar za a sake duba inda kake. Da gangan ko ba da gangan ba, taɓawar naku taɓawa ce.

Koci: Ka ga son kai. Namu ya goga an ƙirga, nasu ya goga an ce ba a gani ba.

Alƙali: Ba son kai ba ne. So ake kada mai laɓewa a bayan mutane ya ci riba da tsautsayin wani.

Auta: Masu gida dai ba sa son a yi musu satar gida.

Koci: Sai Masu Gida! Amma Baba, ni inda ban gamsu ba shi ne ta sama. An yo dogon bugu tun daga tsakiyar fili, yarona yana ganinta tun daga nesa, ya yi tsalle ta shafi ƙeyarsa ta wuce. Nesa ta ce da gangan ne, tsallen ya ce a'a. Wanne za ka ɗauka?

Alƙali: In ja da baya yake yi, yana miƙa wuya da kyar, zan busa satar gida. In ya tsaya da ƙafafunsa ya auna ta, lissafinsa ne ya kuskure, wasa ya ci gaba.

Koci: A filin unguwa, ba VAR mai sake duba wasa a bidiyo, ba mai ɗaga tuta, ga ƙura, ga 'yan kallo sun shigo har kan layi?

Alƙali: Shi ya sa nake ajiye babur ɗina a bakin hanya, fuskarsa na kallon gida.

Auta: To jama'a, ga shi an kira Magariba. Koci, ka riƙe sauran gardamar sai mako mai zuwa.

Koci: Ina riƙe da ita. Ranar Asabar zan kawo hoton a waya, Baba ya nuna mini inda ƙafafun yaron suke.