Motsin Da Kike Ji A Cikinki: Yadda Tsokar Jariri Ke Koyon Aiki

Ranar awo ce a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba a Legas. Wata mai ciki da ta taso tun asuba daga Agege tana kwance, likita na yi mata hoton ciki. Ta dubi allo, ga ɗan tayi yana wutsil-wutsil da ƙafa, amma ita ba ta jin komai.

Haka abin yake. Tsoka tana soma motsi tun wajen mako na 8, uwa kuwa sai tsakanin mako na 16 da na 20 take ji, mai cikin fari ma ta fi jinkiri.

In kin taɓa yin dambun nama, kin san yadda nama ke warwarewa sili-sili. To, a cikin kowane sili akwai zaruruwa masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani, kuma kowane zare asalinsa ƙwayoyin halitta ne da yawa da suka haɗe suka zama ɗaya tun a wata na biyu. A cikin zaren akwai sinadarai biyu, aktin da mayosin. Mayosin yana kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa, kamar mai jan guga daga rijiya, hannu bayan hannu. Jan nan shi ke taƙaita tsoka har gaɓa ta lanƙwashe. A 1954 masana a Ingila da Amurka suka bayyana wannan.

Sai dai mayosin ɗin tayi daban yake da na babba. A hankali jiki ke musanya shi, har bayan haihuwa ana kan musayar. Jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni ma haka: da farko zare ɗaya jijiyoyi da yawa ne ke yi masa magana, daga baya a janye sauran a bar masa guda. Shure-shuren da ke hana ki barci, da shaƙuwar da yake yi a ciki, da tsotson yatsa, duk atisaye ne. Tayin da bai motsa sosai ba kan zo duniya da sandararrun gaɓoɓi. Saboda haka, 'yar'uwa, in ciki ya tsufa kika ji motsi ya ragu, kada ki jira gari ya waye ko cunkoson hanya ya lafa. Ki tafi asibiti.

Bayan haihuwa, yawan zaruruwan kusan ya tsaya. Kauri da tsayi suke ƙarawa. Tsoka kusan kashi 25 cikin 100 ce ta nauyin jariri, a babba kuwa takan kai 40. Ƙarfin daga sama yake gangarowa: wuya ya tsaya a wata 3 zuwa 4, zama wajen wata 6, sai rarrafe, sai tatata. Ni dai ban ga amfanin tilasta wa yaro zama da matasai kafin bayansa ya yi ƙwari ba. Gara a riƙa kifa shi a tabarma yana farke, ana kallonsa, ya yi ta yunƙurin ɗaga kai da kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsokar numfashi, wadda ta raba ƙirji da ciki. A babba, kusan rabin zaruruwanta masu jure gajiya ne. A jaririn da ya cika watanninsa, wajen kashi 25 ne kawai, a bakwaini kuwa wajen 10. Shi ya sa jariri mai fama da ciwon ƙirji yake saurin galabaita. Mai jego, ɗaga rigarsa ki duba. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai duk sa'ad da ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko ya kasa kama nono, a wannan sa'ar za a kai shi wurin likita.