Lacca: Shin Akwai Duniya ta Tara a Bayan Neftun?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Maganar yau ita ce ko akwai wata babbar duniya da ke zagaya ranarmu wadda har yanzu ido bai kai gare ta ba. Takwas dai muka sani, daga Makyuri da ta fi kusa da rana har zuwa Neftun can ƙarshe. Kafin wani ya ce ina Fuluto, tun 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Prag ta cire ta daga sahun manya, don haka ta taran da muke nufi wata ce daban.

Sai mun ɗan koma baya tukuna, domin wannan ba shi ne karon farko da aka ce akwai duniya alhali ba a gan ta ba. A 1781 William Herschel ya gano Yuranus, masana suka yi ta bibiyar tafiyarta shekara da shekaru, sai suka lura ba ta bin hanyar da lissafi ya shata mata, kamar akwai mai fizgarta. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya zauna da alƙalami da takarda ya ce akwai duniyar da ke janta, ga kuma inda za ku same ta. Ya aika wasiƙa Balin, Johann Galle ya juya madubin hangen nesa a daren 23 ga Satumba 1846, a wannan daren ya ga Neftun, dab da inda aka ce masa. Wallahi abin ya burge.

Amma fa ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan laccar. Shi dai wannan Le Verrier ɗin a 1859 ya ga Makyuri ma tana ɗan kaucewa, sai ya ce ai akwai wata duniya tsakaninta da rana, har suna aka raɗa mata, Vulcan, aka yi ta nema babu ita babu dalilinta. Sai a 1915 Einstein ya nuna cewa fahimtarmu ce game da ƙarfin ja ke da gyara. Haka Percival Lowell a Amurka ya kashe dukiyarsa yana neman wata duniya a bayan Neftun, don a ganinsa har yanzu akwai mai fizgar Yuranus, ya mutu bai samu ba, a 1930 Clyde Tombaugh ya gano Fuluto a cibiyar da Lowell ya kafa aka ɗauka ita ce, ashe ƙarama ce ƙwarai, ko watanmu ba ta kai ba. Da kumbon Voyager 2 ya wuce ta gefen Neftun a 1989 aka samu ainihin nauyinta, aka sake lissafi, sai fizgar da ake ta magana ta ɓace. Kun ga ke nan sau ɗaya aka dace, sau biyu aka sha ƙasa.

To me ya sake tayar da zancen? A bayan Neftun akwai tarin duwatsu da ƙanƙara masu zagaya rana. A 2003 aka gano ɗaya mai suna Sedna, wadda ko a lokacin da ta fi matsowa nisanta da rana ya ninka namu kusan sau 76, zagaye ɗaya kuwa yana cin ta shekara sama da 11,000. Neftun ba ta isa ta jefa ta can ba. A 2014 Chad Trujillo da Scott Sheppard suka sanar da wata irinta. Sai a Janairun 2016 Konstantin Batygin da Mike Brown na jami'ar Caltech suka ce ku duba, guda 6 daga cikin waɗannan na nesa duk hanyoyinsu sun karkata gefe guda, alhali kamata ya yi a ce sun watsu ko'ina. In ka ga awaki shida a fili duk sun nufi wuri ɗaya ai ka san akwai mai kora su ko da ba ka hango shi ba. Suka ce mai korar nan duniya ce da nauyinta ya ninka na tamu kamar sau 10, daga baya suka rage zuwa wajen 5 ko 6, zagayenta kuma shekara 10,000 zuwa 20,000, ita Neftun 165 ne nata. Abin dariya, shi Brown ɗin shi ya gano Eris a 2005, wata ƙaramar duniya mai kusan girman Fuluto, wadda ta jawo aka sauke Fuluto.

Za ku ce abu mai wannan girma ya za a yi ya ɓuya. Duniya ba ta da hasken kanta, na rana take maidowa, kuma hasken sai ya je ya dawo, don haka in nisa ya ninka sau 2 dushewar sau 16 ce. Hasken rana minti 8 da 'yan kai yake yi ya iso mu, wurin da nisansa ya ninka namu sau 500 kuwa sai ya kusa kwana 3 a hanya. Ga shi lissafin hanyar kawai ya nuna, bai faɗi inda take a kan hanyar ba.

Akwai kuma masanan da ba su yarda ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sun ce waɗannan duwatsun ba a iya ganinsu sai sun matso, kuma madubai ba ko'ina suke dubawa ba, ana guje wa inda taurari suka yi cunkoso, wasu watannin ma yanayi ba ya bari. Wato wataƙila gefe ɗaya na filin muka leƙa, sauran awakin suna can a watse. Wani binciken neman irin waɗannan duwatsun mai suna OSSOS ya yi la'akari da wannan, bai ga hujja mai ƙarfi ta karkatar ba. Ni a nawa ganin zato ne mai kyau wanda ya cancanci a kashe masa lokaci, amma duk wanda ya ce muku an gano ta ya yi riga malam masallaci.

Inda ido yake yanzu shi ne cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, madubinta mita 8.4, kyamararta megafiksel 3,200, ta fitar da hotunan farko a Yunin 2025, kuma za ta shekara 10 tana ɗaukar sararin kudu tana maimaitawa duk bayan 'yan kwanaki. Ko ba ta kama duniyar ba, za ta zaƙulo ƙananan da yawa, a ga ko karkatar nan gaskiya ce.

(Tambaya daga wani ɗalibi: Malam, ita ce Nibiru da aka ce za ta yi karo da mu?)

A'a ɗana, wancan labarin ƙanzon kurege ne da aka yi ta yaɗawa a intanet, aka ce 2012 ne kuma ga mu a zaune. Da akwai abu mai girma haka yana tunkaro mu da tuni ana ganinsa da ido. Ita wannan in ma akwai ta, ko a matsowarta mafi kusa tana can bayan Neftun da nisan gaske, hanyarta ba ta biyowa ta nan.