Mun ɗauko kwikwiyo a gonarmu ta Kharj

Salamu alaikum jama'a, daga Kharj nake magana, kudu da Riyad. Ku yi haƙuri da ƙarar injin ban ruwa. Bari in juya kyamara. Yauwa, ga kwikwiyar tamu can ƙarƙashin tanki, ta tona rami ta shige, don nan ne ƙasa ke da danshi. Tsintuwa! Zo nan! Kun gani ko, in rana ta take ko nama ka nuna mata ba ta fitowa.

Wasu masu ceton dabbobi ne suka kwaso su a bayan wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, ita da 'yan uwanta, bayan mota ta take uwar. Dama kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, ya daɗe yana kukan karnukan daji na shigo wa tumaki da dare, sai na nuna masa hoton a Instagram, ya ce a ɗauko. Kafin su ba ni sai da na sha tambayoyi kamar mai neman aure: ina za ta kwana, akwai inuwa, wa zai riƙe ta in na tafi gida hutu?

Ruwa biyu ce. Ku dubi ƙafafun nan dogaye sirara, ƙirji ya sauka, ciki a ɗame. Wannan jinin saluki ne, karen farautar Larabawa da ke kamo zomo da barewa. Amma faɗin kan da gajerun kunnuwa na karen unguwa ne. Ni dai hakan ya fi mini. Za ka ga mutum ya zuba kuɗi ya sayo haski, karen ƙasar ƙanƙara, a garin da zafi ke haura 45, dabba ta ƙare rayuwarta a gaban na'urar sanyaya ɗaki. A 2008 har hana sayar da karnuka da kyanwoyi aka yi a Riyad, amma zuwa 2020 an buɗe gidan shan gahawa na masu karnuka a Khobar. Duniya kenan.

Na san wani zai ce, kai Bahaushe Musulmi da kare? Haka Baba Malam ya tare ni, dattijon da ke kula da garke, Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno. Ya ce, "Yaro, na ado ne ko na aiki?" Na ce, "Na gadi ne, Baba." Ya ce to shi kenan, hadisi ya yi rangwame ga karen noma da na kiwo da na farauta. Mu da muka tashi a kan Malikiyya ba mu ɗaukar kare mai rai najasa, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Mutanen nan Hambaliyya ne, a wajensu yawunsa najasa ne, don haka kwanonta daban, kuma ba ta doso inda muke salla. Yanzu shi Baban ne ke rage mata shinkafa, yana yi yana cewa ba ruwansa da ita.

Ranar da ta zo, kunnen nan cike yake da kaska, ciki ya kumbura da tsutsa. Likitan dabbobi ya ba ta maganin tsutsa, ya fara mata rigakafin farbo, cutar da ke sa kwikwiyo amai da zawon jini. Allurar haukan kare sai sun kai wata 3 ake yi, ita ce ta rage mana. Ya gargaɗe mu kan albasa, cakulan da ƙashin kaza dafaffe, wato ragowar kabsa, shinkafa da naman da ake ci a nan, sai an tsince ta tukuna.

Gadi kuwa da saura, har yanzu rago in ya yi atishawa gudu take. Ga Baba can zai sako tumaki, bari in ɗaure ta kada su tattake ta. Sai mun haɗu.