Daga Ina Manyan Kalmomin Turanci Suka Fito?

Assalamu alaikum masu kallo. A Hausa, akuya mutuwa take yi, mutum kuma rasuwa. Idan babban malami ne sai ka ji an ce ya yi wafati, kalmar da muka aro daga Larabci. Abu ɗaya ne ya faru, amma kowace kalma da mazauninta. Turanci ma haka yake, kuma akwai dalili.

A shekarar 1066 William na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, Latin yana hannun malaman coci, talaka kuwa yana nan da Turancinsa na gado. Shi ya sa saniya a makiyaya sunanta cow, amma da namanta ya iso gaban sarakuna sai ya koma beef. Dubi ask, question da interrogate. Duka tambaya ce. Ta farko ta gida ce, ta biyu daga Faransanci, ta uku daga Latin, ita ce irin tambayar da ɗan sanda yake titsiye wanda ake zargi da ita. Wanda ya ce ya yi interrogating mahaifinsa, ya yi rashin ladabi bai sani ba.

Wannan ne ya sa nake tausaya wa ɗalibin da ya raba dare yana haddar jerin kalmomi saboda jarrabawar JAMB. Wahalar ta yi yawa, ribar kaɗan. Kama saiwar kalma ya fi.

Ɗauki mal, wato mugu ko maras kyau. Malaria daga Italiyanci take, mala aria, gurɓatacciyar iska, domin mutanen zamanin da sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin, kafin wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897. Yanzu ga malnutrition, tamowa. Ga malfunction, inji ya samu matsala. Ga malevolent, mai mugun nufi. Kishiyarta bene ce, alheri, ita ta haifi benefit da benevolent, mai son mutane da alheri. Saiwa biyu kacal, ga kalmomi sun fara buɗe maka ƙofa da kansu.

Wadda na fi so ita ce ephemeral. Asalinta Girkanci ne, abin da ba ya wuce yini guda. Tuna shinge bayan ruwan farkon damina, yadda yake rufe fitila da daddare, da safe sai fukafukai birjik a ƙasa. Ka rubuta kalmar a littafinka tare da jimlar da ka tsince ta a ciki, a gefe ka rubuta shinge. Gobe da safe ka ƙirƙiri taka jimlar, ka faɗe ta da ƙarfi kunnenka ya ji.