Abin wuyan da ya zauna wa Duna daidai

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ina yi muku magana daga tsakar gidana a Garwa, arewacin Kamaru, inda neman abinci ya zaunar da ni tun bayan da na baro Kano. Wannan baƙin da yake kwance a gindin dalbejiya shi ne Duna, karen da ke yi mana gadi, waɗannan kuma da na shimfiɗa a kan tabarma su ne abubuwan wuyan da na gwada masa kafin in dace.

Na fara da wannan bel na fata mai maɓalli, irin wanda kowa ya sani. Ba shi da laifi ga kare mai faffaɗan kai, amma ku dubi Duna da kyau: irin karnukanmu ne na Sahel masu dogayen ƙafafu da siririn kai, dangin wanda Turawa ke kira Azawak saboda kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, kuma kansa bai fi kaurin wuyansa da wani abin kirki ba. Wata safiya muna tafiya a bakin kogin Binuwai wani mai babur ya wuce da ƙara, Duna ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, sai kawai na ga igiya da bel a hannuna babu kare. Sai da na yi ta ba wata baiwar Allah haƙuri a kan awakinta da ya tarwatsa.

Daga nan wani mai shago ya sayar mini da wannan sarƙar shaƙe, yana cewa da ita ake horar da manyan karnuka. Aikinta shi ne ta matse wuya duk lokacin da aka ja, kuma babu inda matsewar take tsayawa, saboda haka maƙogwaron kare ne yake ɗaukar duk fushin mai riƙe da igiya. Akwai kuma abin da mai shagon bai faɗa mini ba, wato zafin Garwa. A watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana haura 40, kuma ƙarfen da ya wuni a rana ko hannunka ba za ka iya ɗorawa a kansa ba, balle fatar wuya. Cikin 'yan kwanaki gashin wuyansa ya fara zubewa, ga tabon har yanzu idan na ɗaga kansa. Abin wuya mai haƙoran ƙarfe da mai jan lantarki kuwa ban ma saya ba. Na lantarkin tun 2010 yankin Wels na Birtaniya ya haramta shi, ni ma ban ga dalilin da zai sa in tsorata dabbar da nake so ta amince da ni ba.

Wanda ya yi mini aiki shi ne wannan, mai suna matingel, wanda aka ƙera tun asali domin karnuka masu siririn kai. Madauki biyu gare shi, babba yana zagaye wuya, ƙarami kuma shi ake maƙala wa igiya. Idan kare ya ja, ƙaramin yana tattaro babban har ya kama wuya, amma iyakarsa ke nan, ba ya wuce ma'aunin da ka saita. Ban same shi a kasuwa ba, sai na zana shi a takarda na kai wa wani dattijo baduku. Ya daɗe yana juya takardar, sannan ya ce, "Ɗana, linzami kake so ko abin wuya?" Na ce, "Baba, tsakaninsu ne." Kwana uku ya ɗinka shi da fata mai laushi, faɗinta kamar yatsu biyu, domin mai faɗi ya fi raba nauyi a kan wuya.

Ku matso ku ga yadda ake aunawa. Ina zura yatsu biyu tsakanin fatar da wuyansa, su shiga ba tare da na tura da ƙarfi ba. Sannan ina jan ƙaramin madaukin, kuma waɗannan zobba biyu na bakin babban madaukin bai kamata su haɗu ba, domin idan suka haɗu ya yi sako-sako, zai sake zare kansa. Ba na barinsa da shi idan zan fita, kuma ba na ɗaure shi a turke da shi, saboda madaukin yana iya sarƙewa a reshe ko ƙusa. Ɗan kwikwiyo kuwa ɗamarar ƙirji ta fi masa, a kuma riƙa duba ta kowane mako tunda girma yake yi.

Horon kansa da ɗan guntun kilishi nake yinsa. Idan ya ja gaba sai in tsaya cak, in igiya ta saki in kira sunansa in ba shi, minti goma da asuba kafin ƙasa ta ɗauki zafi. Da yamma kuma ina cire abin wuyan in laluba ƙarƙashinsa, domin a nan kaska take son ɓuya. Yanzu bari in saka masa, ga shi ya riga ya miƙe yana kallon ƙofa.